Ranar da Inna Ta Ce a Nuna Mata Kaduna

Kwanakin baya wata ta'aziyya ta kai ni Kaduna, bayan na daɗe rabona da ita. Da aka shafa fatiha jama'a suka watse, sai na ce da mai adaidaitar da ya ɗauko ni ya biya da ni wani wuri. Na kwatanta masa iyakar iyawata: dandali ne na wasan kwaikwayo, ba shi da rufi, wurin zama na siminti hawa-hawa, da wata ƙatuwar darbejiya a bakin ƙofa. Ya ce shi a garin aka haife shi, amma bai taɓa jin labarinsa ba. Muka yi ta kewaye har na shaida kwanar, na sauka. Shaguna na tarar a jere, ana sayar da wayoyi da takalma, kiɗa na tashi ta ko'ina. Wani dattijo mai gyaran agogo ne ya ce mini, "Malam, ai an rushe tun tuni. Har bishiyar an sare." Na daɗe tsaye a rana kamar wanda ya yi ɓatan kai. Tun da na dawo gida abin bai sake ni ba, shi ya sa na ga gara in faɗe shi tun ina da baki.

Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Malumfashi da Gozaki. Yaran yanzu da masara da waken suya suka san ƙasarmu, mu kuwa da auduga muka buɗe ido. Idan kaka ta yi, gonaki fari fat kamar an shanya wankin gari duka. Jakuna su jeru da kaya sun nufi fuloti, inda ake awon auduga, manyan motoci su kwasa su yi gidan gurza da ita. Wadda aka rage a gida ta mata ce. Da hantsi, bayan an sauke tukunya an share tsakar gida, gari kan ɗauki wani sauti da ba na jin irinsa yanzu: a wannan gida ƙarfe na murza dutse ana fitar da gurya, a wancan bakan shiɓa na ƙara, can kuma mazari na juyi a cikin ɗan kasko, mata na hira ta kan danga hannu bai tsaya ba. Yau da hantsi injin markaɗe kake ji da kukan babura. Na taɓa nuna wa jikokina mazari, suka yi ta juya shi suna tambayata ko abin wasa ne.

A duk unguwarmu ba wadda ta kai mahaifiyata kaɗi. Inna muke ce mata. Yatsunta kullum fari da alli, zarenta siriri kuma ba ya cin amanar masaƙi. Ba ta da yawan magana, sai dai idan zare ya tsinke a hannun wata yarinya ta yi fushi za ta jefar, Inna ta ce, "Zaren da ya tsinke ba a yar da shi. Yawu ake sa masa a haɗa."

Mu biyu ne maza a ɗakinta, Yaya da ni, ni ne na ƙarshe, shi ya sa take kirana Auta. Yaya shi ne ɗanta na fari, kuma a zamaninmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa fara'a a gaban mutane. In ta so a kira shi sai ta ce, "Ku kira mini wancan." Yaya mutum ne mai ban dariya. Idan watan azumi ya kwana goma aka fara tashe, shi ne gaba, ya kwaikwayi tafiyar mai gari, ya kwaikwayi tarin ladan, har dattawa su riƙe ciki. Noma ne dai ba ya so. Ya ce zai tafi Kaduna aikin masaƙa, Baba ya ce sai dai bayan ransa. Suka yi ta sa-in-sa har wata shekara, da aka gama cire auduga, aka wayi gari ba shi. A shekarar farko ya aiko wa Inna da turmin atamfa shuɗiya mai zanen ganye. Daga nan shiru. Baba ya kwanta ciwo, aka aika, shiru. Ya rasu, aka aika, shiru. Ƙanwar Baba, wadda muke kira Goggo, tana aure a Kaduna, ta yi cigiya har ta gaji. Shekara bakwai ke nan da tafiyarsa a lokacin da abin da zan faɗa ya faru. Gona ta dawo kaina ban kai ashirin ba. Ita kuwa Inna, ko sau ɗaya ban ji ta ɗauko zancensa ba, har na ɗauka ta haƙura.

Sai idonta ya fara rauni. Da farko zare ne zai tsinke ta yi ta lalube, daga baya ta fara karo da randa, tana zuba miya a gefen akushi. An yi tofi, an sha rubutu, wata Bafilatana ta kawo saiwa, ba sauƙi. Na tambaye ta yadda take gani, ta ce na hagu ya tafi, na dama kuwa kamar mai leƙe ta hudar zana, abin da ke gabanta sak kaɗai take gani. A asibitin Malumfashi aka ce mu tafi Kaduna. Da muka kai amfanin gona gida na ɗauke ta, muka hau bayan babbar mota daga Funtua, muka sauka gidan Goggo. Inna ba ta taɓa wuce Funtua ba sai ranar.

Kwana uku muna zirga-zirgar asibiti. A rana ta uku likita ya haska idon, ya daɗe yana magana da Turanci. Malamin asibitin da ke fassara ya ja ni gefe ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa, an makara, kuma da wuya na daman ya wuce damina. Na fito na same ta zaune a kan benci ta haɗa hannuwa a cinya. Na ce, "Inna, an ce da sauƙi. Ga maganin ɗigawa an bayar." Ta ce, "To, Allah ya sa."

Washegari Asabar ce, motar da za ta mai da mu kuma sai Lahadi da sassafe. Muna gama karin kumallo sai ga Inna ta fito daga ɗaki sanye da shuɗiyar atamfar nan, zane da ɗankwali da mayafi, har karin ninki bai sake su ba. Ban ma san ta taho da ita ba.

Ta ce, "Auta, yau ka nuna mini garin nan."

Goggo ta ce, "Haba, ke da ya kamata ki kwanta ki huta? Gobe fa doguwar hanya ce."

Inna ta ce, "Hutu yana nan gaba, mai yawa ma. Tashi mu je, Auta."

Tashar jirgin ƙasa ta ce a fara kai ta. Muka yi sa'a jirgi ya shigo daga kudu, yana huci yana kuwwa, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Ta damƙe hannuna tana salati. Ina ta nuna mata, ga kan jirgi, ga inda ake zuba kaya, ga mai tuta. Amma na lura ba jirgin take kallo ba sosai. Kanta take juyawa a hankali daga wannan ɗan dako zuwa wancan, daga wannan fasinja zuwa na bayansa. Na ɗauka rashin sabo da taro ne. Daga nan muka shiga motar haya zuwa babbar gada. Can kam ta yi kallo na gaske. Ta kama ƙarfen gadar da hannu biyu ta sunkuya, ruwa ja yana tafiya a ƙasa, masu wanki sun shanya kaya a kan duwatsu, wani masunci a cikin kwalekwale yana jefa birgi. Ta ce, "Ashe ruwa yana yin yawa haka ba da damina ba? Ikon Allah." Ta daɗe ba ta ɗago ba. Can, ba tare da ta juyo ba, ta ce:

"Auta, kai fa ba ka iya ƙarya ba. Likita ya yi magana mai tsawo, kai ka kawo mini gajera."

Na kau da kai ina share ido.

Ta ce, "Kada ka yi mini kuka a titi, kai da ka isa aure. Wanda ya ba ni aro ne zai karɓi abinsa. Har yaushe aka ce?"

Na ce, "Damina."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To, mu tafi. Rana na yi."

A babbar kasuwa ta sake, har na ga Innar da na manta. Ta bi layin 'yan atamfa tana murza kowane yadi tsakanin yatsu, tana cewa wannan audugarmu ce, wancan an yi masa haɗi. Na saya mata ƙanƙara mai zaƙi a jikin tsinke, ta gatsa, ta yi tsalle ta riƙe haƙori tana dariya tana cewa mutanen birni sun rasa abin ci sai sanyi. Muka ci waina a wata rumfa, muka tsaya kallon wani bene mai hawa da yawa, ta ƙirga tagoginsa har wuyanta ya gaji. Na ce mu koma gida haka nan. Ta ce a'a, saura inda ake kai audugarmu.

Mun isa ƙofar masaƙa daidai lokacin da ake canjin ma'aikata. Jiniya ta yi kuka, aka wangale ƙofa, sai ga maza kamar an fasa gidan tururuwa, wasu a ƙafa, wasu a kan kekuna suna ta kaɗa ƙararrawa, gashin kansu duk burbushin auduga. Inna ta saki hannuna ta hau kan wani dakali a bakin kwalbati. Ta gyara mayafinta ta buɗe shi sosai yadda zanen ganyen zai fito. Ta shiga bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya da ɗan abin da ya rage mata na ido, kanta na kaiwa da komowa, mutane kuwa sun fi ƙarfin idon, kafin ta gama duba ɗaya goma sun wuce. A nan na gane. Na gane tashar jirgi, na gane atamfar.

Ya kamata tausayi ya kama ni. Amma gaskiya ita ce haushi ne ya turnuƙe ni. Na ce a raina, ni na tsaya, ni na yi noma, ni na yi jinyar Baba na sa shi a rami, ni na ɗauko ta na kawo ta nan, amma ɗan ganin da ya rage mata a kan wanda ya gudu za ta ƙarar. Da taron ya tsagaita ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ko za ka tambayi mai gadin can?" Ba ta ce a tambayi me ba. Na je na tambaya sama-sama, ya ce mutum nawa zai sani a cikin wannan jama'a, masaƙu kuma ba ɗaya ba ne a garin. Na dawo na ce, "Bai sani ba," na zaunar da ita wurin wata mai fura, na tafi na yi sallar azahar.

Da na dawo na tarar suna ta hira da mai furar kamar sun shekara da sanin juna. Inna ta miƙe ta ce, "An ce akwai inda ake wasan kwaikwayo yau bayan la'asar. Kai ni in gani." Na yi mamaki, don ko kallon tashe daga bakin zaure take yi. Amma na ji sanyi a raina, na ce ta haƙura da neman ke nan.

Yaran yanzu kowa da wasansa a tafin hannu, shi kaɗai yake dariyarsa, in ya ga dama ya tsayar ya koma baya. Ba su san yadda dariyar mutum ɗari-ɗari take ba idan ta tashi lokaci guda, ka ji ta a ƙirjinka kafin ka ji ta a kunne. Dandalin ya cika maƙil, galibi maza ma'aikata da suka yi wanka suka sa kayan Asabar, da mata kaɗan a gefe guda. Masu gyaɗa da rake na ratsawa, makaɗa na ɗumama kalangu. Wani mutum ya ga tsohuwa ya tashi ya ba mu wuri a sahun gaba. A gabanmu an kafa ɗaki na kwali da zane, an ajiye turmi da gado. Aka buga wani ƙarfe, wuri ya yi tsit.

Labarin wani baƙauye ne da ya zo birni neman arziki. Ya shigo da tabarmarsa a kafaɗa, ya ga fitilar kan titi ya durƙusa yana gaishe ta. Aka ba shi shayi ya nemi ludayi. Mai gidan haya ya yi masa wayo, abokai suka cinye guzurinsa. Inna ta yi dariya har da hawaye, tana dukan cinyata tana cewa, "Auta, ka ga sakarai!" Rabon da in ji wannan dariyar tun Baba na da rai. Amma da tafiya ta yi tafiya, wasan ya sauya. Mutumin ya rasa aiki, rigarsa ta yage, ya koma kwana a tasha. Sai ga wani ɗan garinsu ya gan shi, ya ce ya zo su koma gida, uwarsa na nemansa. Ya noƙe, ya ce shi ba zai koma hannu rabbana ba.

Ban ankara ba sai na ji muryar Inna ta tashi, ita da ko a tsakar gida ba a jin muryarta:

"Ka koma gida, ɗan nan! Ba mai tambayarka abin da ka kawo!"

Dandali ya kwashe da dariya. Ɗan wasan, da yake gwani ne, sai ya juyo ya dube ta ya marairaice ya ce, "Inna, da wane ido zan kalli mutanen garinmu?"

Ta miƙe tsaye, mayafi na zamewa, ta ce, "Da wanda Allah ya ba ka! Tun yana gani!"

Wasu suka yi tafi, wasu suka yi shewa. A bayanmu na ji wani saurayi mai ɗamammen wando yana cewa abokinsa, "Daga wane ƙauyen aka kwaso wannan?" Kunya ta rufe ni, ta haɗu da haushin da ke cina tun ƙofar masaƙa. Na kama hannunta na ce, "Inna, tashi mu tafi."

Ta ce, "Bari a gama, Auta. Saura kaɗan."

Na ce, "Magariba ta kusa, kuma kin san idonki da duhu. In aka tashi turmutsutsu za a yi a ƙofa."

Ta ce, "Ai shi ne..."

Na ce, "Shi ne me? Ba ki ga dariya ake mana ba?"

Ta gyara mayafinta ta biyo ni, muna tsallake ƙafafun mutane. A bakin ƙofa ta ja ta tsaya ta dafa bishiya, ta ce ƙafarta ta yi tsami, mu ɗan jira. Na ce ta huta a mota. Na ja hannunta. Muna tafiya muna jin dariya na tashi a bayanmu har muka sha kwana.

Likita bai yi ƙarya ba. Kafin a yanke gero a shekarar idon ya rufe. Ta rayu shekara goma sha ɗaya a haka, kuma ba ta daina kaɗi ba, yatsunta sun san hanya. Da hantsi matan unguwa kan taru a gindin zanarta, ta ba su labarin Kaduna, jirgi da gada da ƙanƙara mai zaƙi, ta kwaikwayi baƙauyen nan yana gaida fitila har su faɗi don dariya. In ta kai inda ɗan garinsu ya gan shi sai ta tsaya. Su ce, "To, ya koma?" Ta ce, "A nan muka taso." Ko sau ɗaya ba ta ce ni na tashe ta ba. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, ta goya su duka tana lalube. Yaya bai dawo ba. Wani ya ce ya gan shi a Ikko, wani ya ce ya rasu a hatsarin mota, ba wanda ya zo da tabbas.

A ciwonta na ƙarshe ni ke ba ta kunu da hannuna. Wata rana da la'asar, ta sha ludayi biyu ta kau da kai, na ga jikin ba na tashi ba ne. Na ce, "Inna, akwai abin da ke damuna tun da daɗewa. Ki yafe mini hana ki ganin ƙarshen wasan nan da na yi."

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Wasa? Wa ya damu da ƙarshen wasa, Auta?"

Na tsaya da ludayi a hannu ina kallonta.

Ta ce, "Mai furar nan ce ta ce mini duk ma'aikacin masaƙa mai son raha can yake tafiya ranar Asabar. Na ce to, in dai yana garin, wancan ba zai ji ana wasa ya zauna a ɗaki ba. Ta ce kuma ƙofa ɗaya ce, in an tashi kowa ta nan yake fita, ba kamar masaƙa ba, a hankali ake fitowa. Na so in tsaya a gindin bishiyar nan ne kawai. Ko ni ban gan shi ba, shi ai zai ga zanen."

Ludayin ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Inna, me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Da wane bakin? Kai ma kuma ranar a cike kake, na ji a hannunka." Ta laluba ta kamo kaina ta shafa, kamar ina ɗan yaye. "Na yafe maka duniya da lahira. Kai ka tsaya mini, Allah ya ba ka masu tsaya maka. Kada ka sa abin a ranka. Wataƙila ma ba ya ciki."

Bayan kwana uku ta cika.

Duk wanda na ba wannan labari abin da yake ce mini ke nan, wataƙila ba ya ciki. Liman ya faɗa, matata ta faɗa, ni ma nakan faɗa wa kaina in na zauna ni kaɗai a ƙofar gida. Yanzu na girmi Inna a shekarun da ta rasu, na kuma san da na sani ƙeya ce. Wataƙila ba ya ciki. Amma ita ta nemi ɗan jira kaɗan a bakin ƙofa, rana ba ta ko faɗi ba, kuma ni ne na ja hannunta.